Dalilan Ƙaruwar Jan Sama Lokacin Hudowar Rana da Faɗuwarta a Ƙarshen Kaka

Gabatarwa

Sanannen abu ne a ƙasashen da ke can arewacin duniya, irin su Amurka da Kanada da wasu sassa na Turai, cewa idan shekara ta gangaro ƙarshen Oktoba, ta shiga Nuwamba har zuwa farkon Disamba, sama takan yi wani irin ja da sassafe da kuma goshin magariba, wanda ba kasafai ake ganin irinsa a sauran watanni ba. Jan yakan fi kauri, gefensa ya fi fita sosai, sa'an nan ya fi daɗewa kafin duhu ya haɗiye shi. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin dalilan wannan al'amari kamar yadda masana kimiyya suka bayyana su, ta kuma gyara wata fahimta da ta yaɗu a tsakanin jama'a har da masu ilmi, watau cewa ƙura da hayaƙi su ne suke ƙawata faɗuwar rana. Daga ƙarshe za a duba yadda abin yake a ƙasar Hausa, domin nan ma akwai kaka, kuma akwai ƙurar da za a gwada maganar da ita.

Kafin a yi nisa ya kamata a daidaita a kan kalmar kaka. Turawa sun kasa shekararsu gida huɗu bisa zafi da sanyi da tsawon yini, Bahaushe kuwa ya kasa tasa bisa ruwan sama da aikin gona: bazara, damina, kaka, hunturu. Masu fassara sun saba sanya kaka a matsayin lokacin da ke tsakanin zafin Turai da sanyinta, daga Satumba zuwa Disamba, sa'ad da ganyen itatuwa ke kaɗewa. Fassarar ba ta yi laifi ba, domin a tsohon Turanci kalmar girbi ita ce sunan wannan lokaci, kuma har yau Jamusanci yana riƙe da 'yar'uwarta. To amma kakar Bature ta fi ta Bahaushe tsawo, kuma ƙarshenta yakan zo daidai da shigar hunturu a ƙasar Hausa. Saboda haka duk inda aka ce ƙarshen kaka a sassan farko na wannan maƙala, ana nufin Nuwamba da kewayenta a waɗancan ƙasashe. A kudancin duniya, kamar Ajantina da Ostareliya, watan Mayu ne ke ɗauke da wannan matsayi.

Yadda iska ke shiƙe haske

Hasken rana da ido ke gani fari ba launi ɗaya ba ne. Isaac Newton ya nuna haka a Ingila wajen shekarar 1666, sa'ad da ya ratsa haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu zuwa launukan bakan gizo, tun daga ja har zuwa shunayya. Daga baya aka gane cewa haske yana tafiya ne igiya-igiya, kuma abin da ya raba launi da launi shi ne tsawon zangon igiyar. Mai sauraron rediyo ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba, tun da ya saba jin ana cewa gajeren zango da matsakaicin zango, mita 49 ko mita 31. Haske ɗan'uwan igiyar rediyo ne, sai dai zangonsa ya ƙanƙance ƙwarai, har ana auna shi da nanomita, watau kashi ɗaya idan an raba mita gida miliyan dubu. Zangon ja ya kai kimanin nanomita 700, na shuɗi kuwa kimanin 450.

Duniya tana lulluɓe da mayafin iska, wanda kashi 78 cikin ɗari nasa naitirojin ne, kashi 21 kuma oksijin. Ƙwayoyin waɗannan iskoki sun fi zangon haske ƙanƙanta fiye da sau dubu. Idan haske ya ratsa ta cikinsu sukan karkatar da wani ɓangare nasa, su warwatsa shi ko'ina, amma ba su yi wa launuka adalci a wannan aiki. John Tyndall ya lura da alamun haka a gwaje-gwajensa na 1869, sa'an nan John William Strutt, wanda aka fi sani da Lord Rayleigh, ya fitar da lissafinsa a 1871, kuma a 1899 ya nuna cewa ƙwayoyin iskar su kaɗai sun isa su yi wannan aiki ko da babu ɗigon ƙura ko ɗaya. Abin da lissafin ya ce shi ne, gwargwadon gajartar zango, gwargwadon yawan warwatsuwa, kuma ba ninki ɗaya ba: idan zango ya ragu da rabi, warwatsuwarsa takan ninka sau 16. A bisa wannan, shuɗi yana warwatsuwa kusan sau 6 fiye da ja.

Misalin da ya fi kusa da wannan shi ne na shiƙa a masussuka. Mace takan ɗaga ƙwarya ta zubo hatsi, iska ta kwashe ƙaiƙayi ta watsa shi gefe, tsaba kuwa ta wuce kai tsaye zuwa inda aka nufa da ita. Shuɗi shi ne ƙaiƙayin, ja shi ne tsabar. (Misalin yana da iyaka, domin babu nauyi a cikin sha'anin launi, tsawon zango ne kurum.) Shuɗin da aka watsar shi ne ya cika sararin sama da rana, shi ya sa duk inda mutum ya ɗaga kai yake ganin sama shuɗiya.

Da tsakar rana hanyar da haske ke bi a cikin iska gajeriya ce, domin yana sauka ne daga bisa, saboda haka kaɗan ake shiƙewa, rana ta kasance fara. Sa'ad da ta gangara gindin sama, watau inda ido ke ganin kamar sama ta haɗu da ƙasa, sai hasken ya riƙa shigowa a kaikaice, yana bin mayafin iskar a tsawonsa maimakon ya huda shi. Yawan iskar da yake ratsawa a wannan hali ya kai kimanin ninki 38 na wanda yake ratsawa idan rana tana tsakar ka. Shiƙa sau 38 ba ta barin ƙaiƙayi. Shunayya da shuɗi sukan fara ƙarewa, kore ya bi su, abin da ya rage ya iso ga ido shi ne rawaya da ruwan goro da ja. Akwai wani abin mamaki a gefen wannan: iska tana lanƙwasa haske da kimanin rabin digiri a gindin sama, wanda shi ne faɗin ranar kanta, don haka a lokacin da ido ke ganin ƙasan rana ya taɓa ƙasa, a haƙiƙa ta riga ta faɗi.

Wannan bayani ya shafi kowace faɗuwar rana, ko a wane wata, ko a wace ƙasa. Bai isa ya bambanta Nuwamba da Yuli ba. Bambancin yana wajen abin da ke cikin iskar banda ƙwayoyinta.

Tsabtar iska

A nan ne kuskuren da aka ambata ya samo asali. Mutum yakan ji cewa ƙananan abubuwa a cikin iska su ne ke kawo ja, sai ya ɗauka cewa idan aka ƙara ƙura ko hayaƙi jan zai ƙaru. Abin ba haka yake ba, kuma dalili shi ne girman ƙwaya. Lissafin Rayleigh yana aiki ne kawai a kan ƙwayoyin da suka fi zangon haske ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ƙwayar ƙura, ko ɗigon hazo, ko ɓurɓushin toka, girmansu ya kai zangon haske ko ya fi shi sau da yawa. Wani Bajamushe, Gustav Mie, shi ne ya warware lissafin irin waɗannan a 1908. Manyan ƙwayoyi ba su zaɓen launi. Sukan tare ja da shuɗi kusan daidai wa daida, su cakuɗa su, su kuma rage ƙarfin hasken gaba ɗaya. Idan aka koma ga misalin masussuka, wannan kamar guguwa ce ta zo ta kwashe tsaba da ƙaiƙayi tare. Sakamakon shi ne sama mai ruwan toka ko ruwan ƙasa, da rana mai dishi-dishi.

Birnin Landan ya ga iyakar wannan daga ranar 5 zuwa 9 ga Disamba 1952, lokacin da hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya zauna a kan birnin, mutane suka kasa ganin abin da ke gabansu, balle launin sama, kuma ƙiyasin farko ya nuna mutum 4,000 sun rasu. Da hayaƙi yana ƙawata sama, da waɗannan kwanaki sun fi kowaɗanne kyau a tarihin birnin.

To me ya sa ƙarshen kaka ya fi tsabtar iska? Stephen Corfidi, masanin yanayi da ya yi aiki a hukumar NOAA ta Amurka, yana cikin waɗanda suka yi bayanin wannan dalla-dalla dangane da gabashin ƙasar. A lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, iska takan yi kwanaki ba ta motsa sosai ba, sai hayaƙin masana'antu da na motoci da ƙurar furanni su taru a cikinta. Zafin rana yana gaggauta sarrafuwar waɗannan iskoki su zama ƙwayoyin hazo. Sa'an nan ga laima. Yawancin ƙwayoyin nan, musamman masu ɗauke da sinadarin farar wuta ko gishirin teku, mashaya ruwa ne, kamar yadda gishiri ke jiƙewa a cikin kwano da damina ba tare da kowa ya zuba masa ruwa ba. Da zarar sun sha laima sai su kumbura, su kai girman da zai sa su shiga sahun masu dusashe launi. Wannan shi ya sa samar lokacin zafi a can take yin fari-fari kamar an tsarma nono da ruwa.

Idan kaka ta yi nisa sai lamarin ya juya. Iska mai sanyi takan riƙa gangarowa daga Kanada da yankin ƙanƙara na arewa, bi da bi, kowace ta share abin da ta tarar. Iska mai sanyi ba ta iya riƙe tururin ruwa da yawa, saboda haka busasshiya ce, ƙwayoyin da suka rage a cikinta ba su samun abin da za su kumbura da shi. Tsire-tsire sun daina fitar da ƙurar fure, rana kuma ta yi rauni, ba ta dafa hazo kamar da. A irin wannan iska ne shiƙar da Rayleigh ya bayyana take yin aikinta ba tare da katsalandan ba, ja ya iso ja wur, ba a gauraya shi da toka ba. Wannan dalili shi ne babba, sauran duk masu taimaka masa ne. Shi ne kuma ya sa tsibiran tsakiyar teku da kan manyan duwatsu suka yi suna wajen kyawun faɗuwar rana, alhali manyan birane masu masana'antu ba su yi ba.

Ya kamata a ce wani abu a kan iyakar wannan magana. Ta fi dacewa da gabashin Amurka da tsakiyarta da makamantansu na cikin ƙasa. A yammacin Turai, inda iskar teku ke kawo gajimare mai kauri, Nuwamba yakan yi kwanaki da yawa a rufe, ba a ga rana ba sam. Sai dai a ranar da gari ya washe bayan wucewar ruwa, a nan ma akan sami irin jan da ake magana.

Gajimare

Haske ba ya ganuwa sai ya sami abin da zai sauka a kai. Idan sama ta kasance tas, babu gajimare ko kaɗan, jan yakan tsaya a siririn layi a gindin sama, ya ɓace ba da jimawa ba. Abin da ke mayar da rabin sama ja shi ne gajimare, domin shi ne farin ƙyallen da rinin ke kamawa. Amma ba kowane gajimare ba. Na ƙasa-ƙasa, wanda bai wuce kilomita 2 ba, yakan tare hasken ne, kuma ko ya sami haske, wanda ya riga ya ratso ƙazantar iskar ƙasa ne. Wanda ake buƙata shi ne na tsakiya, mai kama da garken tumaki, da kuma na can bisa, sama da kilomita 6, mai kama da audugar da aka shiɓe, wanda ƙwayoyinsa na ƙanƙara ne. Irin waɗannan sukan yawaita a ƙarshen kaka a waɗancan ƙasashe, saboda a lokacin ne igiyar iska mai gudu da ke can sama take matsowa kudu, tana jawo su gaba da bayan kowane hadari.

Tsayin gajimare yana da wani amfani kuma. Bayan rana ta faɗi ga mutumin da ke tsaye a ƙasa, ba ta faɗi ba ga abin da ke kilomita 10 a bisansa. A lissafi, irin wannan gajimare yana ci gaba da samun haske har sai rana ta nutse da fiye da digiri 3, kuma hasken yana haskaka shi ne ta ƙasa, shi ya sa cikinsa ke yin ja kamar garwashi. Hasken ƙarshe da ke isa gare shi ya shafo doron ƙasa ne a wani wuri mai nisan kilomita 350 ta wajen mafaɗar rana, kusan nisan Kano zuwa Sakkwato ke nan in an miƙe. Ashe ke nan kyawun almuru a gari ya dogara da halin da sama take ciki a wani garin da ido ba ya hangowa. Idan akwai hadari a can, gajimaren nan zai tashi daga fari ya koma toka-toka ba tare da ya yi ja ba, ko da ya cika dukkan sharuɗɗa. Wannan shi ya sa faɗuwar rana mafi kyau takan zo bayan hadari ya wuce gabas, yamma ta buɗe, wutsiyar gajimarensa kuma tana nan a bisa.

Karkatar hanyar rana

Duniya tana juyawa ne a karkace da kimanin digiri 23 da rabi, kuma wannan karkata ita ce asalin lokutan shekara. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya rana takan faɗi kusan a tsaye, kamar guga a rijiya. Can arewa kuwa takan gangara a kaikaice, tana shafar gindin sama. Kano tana digiri 12 arewa, Landan tana 51 da rabi. A Kano, daga lokacin da ƙasan rana ya taɓa ƙasa zuwa ɓacewarta minti 2 ne da 'yan daƙiƙoƙi, a Landan kuwa ya haura minti 3 a ƙarshen Satumba, ya haura 4 a Disamba. Hasken da ke biyo bayan faɗuwa, wanda mutum zai iya aiki a waje da shi ba fitila, yakan ɗauki minti 21 zuwa 23 a Kano duk shekara, a Landan kuwa yakan tashi daga minti 33 a ƙarshen Satumba zuwa 40 a Disamba. Gajimaren nan na kilomita 10 da zai riƙe ja na kimanin minti 14 a Kano a ƙarshen Nuwamba, zai riƙe shi na kimanin minti 25 a Landan.

Wannan dalili ba ya ƙara wa launi kauri, tsawon zamansa yake ƙarawa. Kuma shi kaɗai bai keɓanta da kaka ba, tun da a watan Yuni ma rana tana faɗuwa a kaikaice, har hasken bayan faɗuwar ya fi na Disamba tsawo. Bambancin shi ne a Yuni iskar ba ta da tsabta, a Nuwamba kuwa tsawon lokaci da tsabtar iska sun haɗu.

Akwai kuma rabon ɗan'adam a cikin zancen, wanda bai kamata a raina ba. A tsakiyar Yuni rana tana fitowa a Landan kafin ƙarfe 5 na asuba, ta faɗi bayan ƙarfe 9 na dare, lokacin da mutane ke barci ko suna cikin gida. A ƙarshen Nuwamba kuwa tana fitowa bayan 7 da rabi, ta faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma, daidai lokacin fita aiki da tashin makaranta. Ga shi kuma itatuwa sun zubar da ganye, gindin sama ya buɗe. Wani kaso na abin da ake yabawa, yawan masu kallo ne ya ƙaru.

Batun duwatsu masu aman wuta

Mai karatu zai iya kawo hujja da cewa tarihi ya nuna faɗuwar rana mafi ja ta biyo bayan aman duwatsu, wanda kuwa toka ce da hayaƙi. Gaskiya ne. Dutsen Karakatawa na Indunusiya ya fashe a ƙarshen Agusta 1883, kuma a Nuwamba na wannan shekara sama ta yi jan da ya sa 'yan kwana-kwana suka fito da kayan aikinsu a wasu garuruwan gabashin Amurka, suna zaton gobara ce. Haka aka sake gani bayan fashewar Pinatubo a ƙasar Filifin a Yuni 1991, wanda ya watsa tan miliyan 15 zuwa 20 na iskar farar wuta. To amma wannan hujja ba ta rushe abin da aka faɗa ba. Tokar mai nauyi takan zubo cikin 'yan kwanaki ko makonni. Abin da ke daɗewa shi ne ƙananan ɗigogi da iskar farar wuta ke haifarwa a tsayin kilomita 20 ko fiye, can bisa da inda ruwan sama zai wanke su. A wannan tsayi ba su tare hanyar haske a gindin sama kamar ƙurar ƙasa, aikin siririn gajimare suke yi, su karɓi jan hasken da aka riga aka shiƙe su mayar da shi ƙasa, har bayan duk wani gajimare na gaskiya ya yi duhu. Muhimmin abu shi ne inda ƙwayar take da kuma girmanta.

Shafaƙi

Tun kafin Rayleigh da ƙarnuka, malaman Musulunci sun sa ido a kan wannan ja, saboda lokutan salla. Kalmar shafaƙi da Hausa ta aro daga Larabci ita ce sunansa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, lokacin lisha yana shiga ne da ɓacewar jan da ya rage a yamma, alhali an ruwaito daga Imam Abu Hanifa cewa sai farin da ke biyo bayan jan ya ɓace. Saɓanin ya nuna cewa sun lura da jerin launukan daki-daki. A ƙarni na 11 wani malamin Andalus, Ibn Mu'az na birnin Jayyan, ya rubuta ɗan littafi a kan alfijir da shafaƙi, inda ya ɗauka cewa hasken yana ƙarewa idan rana ta nutse da kimanin digiri 19, ya kuma yi amfani da wannan ya lissafa kaurin mayafin iska, ya sami kimanin mil 52. An fassara littafin zuwa Latin a ƙarni na 12, aka daɗe ana jingina shi ga Ibn al-Haisam, sai a 1967 Abdulhamid Sabra ya tabbatar da ainihin mai shi.

Hausa kanta ba ta gaza ba wajen yanka wannan ɗan lokaci gunduwa-gunduwa. Da safe akwai ƙetowar alfijir, da asuba, da jijjifi, da duku-duku, da hudowar rana, kafin hantsi. Da yamma akwai la'asar sakaliya, da goshin magariba, da almuru. Abin lura shi ne, wajen launi harshen ya fi dogara da ja, sai ya ƙarfafa shi da amsa-kama, ja wur ko ja zur, sauran kuma ya kwatanta su da abin da ke hannu: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda.

Kakar ƙasar Hausa da hunturunta

Idan aka ɗora ƙa'idojin da suka gabata a kan ƙasar Hausa, za a ga cewa lokacin da ya fi cika sharuɗɗa gajere ne, kuma yana zuwa kafin na Turawa. Karkatar hanyar rana ba ta da wani tasiri a nan, kamar yadda alƙaluman Kano suka nuna, saboda haka tsabtar iska da gajimare su ne ke yanke hukunci. Da bazara iska cike take da ƙura da zafi. Da marka, a watan Agusta, ruwa ya wanke iska sarai, amma laima ta yi yawa kuma hadari mai kauri yakan toshe yamma, ko da yake maraicen da hadari ya wuce yakan zo da abin kallo. Daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba kuwa, lokacin da gero ya shiga rumbu dawa tana nuna, iskar damina tana ja da baya zuwa kudu, laima tana raguwa, ƙasa ba ta gama bushewa ba balle ta tashi, ciyawa ba ta kai ga ƙuna ba, ga kuma ragowar gajimaren ƙarshen damina yana yawo a bisa. Jan da ya kama gajimaren Kano a irin wannan maraice, haskensa ya ratso ne ta samar wajejen Zuru, domin a lokacin rana ta karkata kudu maso yamma.

'Yan makonni ne kurum. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshensa iskar arewa maso gabas takan kankama. Babban tushen ƙurarta shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi na zamanin da yake da girma. Iska tana matsewa a tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙasa mai laushi wadda asalinta ɓawon ƙananan halittun ruwa ne, tana yin haka kimanin kwana 100 a shekara. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙurar ta iso Maiduguri da Damagaram da Kano. A kan wannan kuma ga hayaƙin ƙunar daji da na wutar jin ɗumi, wanda sanyin asuba ke danne shi a kan rufin gari.

Iskar hunturu busasshiya ce, mai sanyi, kamar wadda ke gangarowa daga Kanada, amma ita ta zo da kayanta. Ƙwayoyin ƙurarta sun fi zangon haske girma, suna kuma ƙasa-ƙasa, a daidai hanyar da hasken maraice zai bi, watau sun haɗa sharuɗɗan dusashewa guda biyu. Hausawa kan ce in rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta, to hazo yana kare ta. A ranar da ya yi kauri, har jirage suka kasa sauka, rana takan zama farin faifai tun da la'asar, mutum ya iya ɗaga ido ya dube ta kamar wata, sa'an nan ta narke a cikin toka-tokar sama tun da sauran tazara tsakaninta da ƙasa. A irin wannan maraice ladan ba ya samun faɗuwar da zai gani, ba ya kuma samun jan shafaƙin da zai jira ɓacewarsa, sai ya koma ga agogo da jadawali.